Tsamin da Ba na Ciki Ba

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana gudu a asibitin nan da kofin silba a hannu, amma ranar da ta ajiye aiki, takardar da aka miƙa mata cewa ta yi mai shara ce. Har yau in ta tuna sai ta ja tsaki mai tsawo. Ba wai ta raina shara ba, ai da ita aka ɗauke ta, kuma ta yi ta shekara biyu ba wanda ya taɓa samun ƙura a bayanta. Amma ba tsintsiya ce ta cinye mata gwiwoyi ba. Jini take kaiwa.

Ga yadda aikin yake. In jikin majinyaci ya rikice a ɗakin sama, likita kan ɗebi jini daga jijiyar nan da ke bugawa a wuyan hannu, ya toshe bakin sirinjin, a cusa shi cikin kofin ƙanƙara. Daga nan dole jinin ya isa ɗakin gwaji kafin minti goma sha biyar, in ba haka ba ya tashi daga aiki, sai an sake huda mutum. Shi kuwa wanda ya zana asibitin nan, Allah ya saka wa masu gwiwa, sai ya kai ɗakin gwajin can ƙarshen duniya. Bene biyu za ka sauka, ka miƙe doguwar baranda, ka wuce wajen wanki, ka wuce kicin. Ta ƙirga, taku ɗari huɗu da sittin ne. Lif kuma a shekara bai fi ya yi aikin wata uku ba. Da haka sunanta na gaskiya ya ɓace, daga babban likita har mai gadi kowa Mai Ƙanƙara yake ce mata.

Ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Ta yi faɗa da nas ɗin da ta bar kumfar iska a cikin sirinji, don iska ɓata gwajin take yi. Ta yi faɗa da 'yan dubiya masu tsayawa tsakiyar baranda suna gaisuwa kamar gidan ubansu. Likitoci ne kawai ba ta yi faɗa da su ba, saboda su ba sa ma ganinta balle a yi. Hannu kawai suke miƙowa ta baya, ido na kan takarda.

Mutum ɗaya ne a duk ginin ya ɗauka akwai wani abu a cikin kanta, wani tsoho a ɗakin gwaji da ake kira Mai Tabarau. Wata rana ta dire masa kofi tana haki, ta tambaye shi cikin fushi wai shin jinin nan guduwa zai yi ne da ake sa ta wannan tsere. Maimakon ya kore ta sai ya jawo mata kujera. Ya ce abin da yake aunawa tsamin jini ne. Ya ce jikin mutum kamar murhu yake, dare da rana yana ƙona abinci, kuma duk abin da ke ci da wuta sai ya bar hayaƙi da toka, su biyun nan kuwa tsami suke sa wa jini. Huhu ke fitar da hayaƙin, duk numfashi ɗaya da ka sauke ka rage shi, kuma aikinsa na nan take ne. Ƙoda ke kwashe tokar ta zubar a fitsari, ita a hankali take nata, sai ta kwana tana yi. A cikin jinin kuma akwai wani sinadari da ke tare tsamin ya riƙe shi kafin waɗancan biyun su iso, ƙoda ce ke ƙaro shi in ya yi ƙasa. Ya nuna mata lamba a takarda, bakwai da ɗigo huɗu. Ya ce a nan Allah ya ajiye jinin ɗan Adam, kuma ɗan abin da aka yarje masa ya gusa bai taka kara ya karya ba. In ya gangara ƙasa, tsami ya yi yawa. In ya hau sama, ya yi kaɗan, shi ma ciwo ne.

Sai ya ƙara mata abin da ba ta taɓa mantawa ba. Ya ce in ta ga mutum yana jan numfashi mai zurfi yana saukewa, yana ja yana saukewa ba hutu, alhali ƙirjinsa ba ya kuka, kada ta ce ciwon a huhu yake. Huhun ne ke ƙoƙarin ceton mai shi, jini ya cika da toka shi kuma yana ta kwashe hayaƙi don a sami sauƙi. Abin tsoro shi ne lokacin da huhun zai gaji.

Rabin awa ya ɗauka yana mata wannan bayani, ita da ko firamare ba ta gama ba. Daga ranar ta daina zama ƙafa kawai. Tana leƙa takardar kafin ta mayar, tana haɗa lamba da fuska, har ta kai da kunne kaɗai tana ganewa tun daga bakin ƙofa. Sau ɗaya tak ta yi kuskuren buɗe baki. Wani sabon likita yana ta neman maganin asma wa wata mata, ta matsa kusa ta ce masa a hankali, ranka ya daɗe, kamar fa jininta ne ya yi tsami. Ya dube ta daga ɗankwali har silifas, ya ce ta je ta goge aman da ke ƙarƙashin gado na uku. Ta goge. Da ta dawo da takardar matar, bakwai da ɗigo ɗaya ne. Ya karɓa ta baya kamar kullum, ko tari bai yi ba. Wannan abu ya zauna mata a maƙoshi shekara da shekaru, duk wanda ya zauna da ita minti goma sai ya ji shi, kuma kullum da magana ɗaya take rufewa, wai ita a duniyar nan ba a jin maganarta.

Wanda ya fi kowa shan labarin shi ne ƙaninta, Auta. Ita ta raine shi, don uwarsu ta rasu yana rarrafe. Ya girma ya zama kafinta, mai surutu, mai tsokana, likita-ba-takarda yake kiranta, kuma shi ya ƙera mata 'yar kujerar da take ɗora ƙafa in gwiwa ta motsa. Tun yana ɗan shekara talatin ciwon suga ya kama shi, irin wanda sai da allura safe da yamma. Matarsa ce ke masa allurar. Shekara ashirin da biyu da auren amma Mai Ƙanƙara ba ta daina ce mata Amarya ba, rabi wasa rabi raini. Mace ce mai sanyi, mai tsafta, ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Mai Ƙanƙara kan ce yarinyar kirki ce, sai dai in ka aike ta gishiri gishirin za ta kawo, ba za ta duba ko akwai mai a gidan ba.

Wata Talata, shekara huɗu bayan ta ajiye aiki, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe tana wanke kofi Amarya ta kira ta. Wai Auta kwana biyu yana zazzaɓi da amai, ba ya cin komai, ruwa kawai yake ɗirka, yau kuma cikinsa na ciwo. Ta tambayi allura. Amarya ta ce sun dakatar tun shekaranjiya, tunda ba ya cin abinci, ai ta tuna sanda aka yi masa bai ci ba ya faɗi a shago. Mai Ƙanƙara ta ajiye kofin. Ta san abin da ke biyo baya: in ba allurar, jiki ba ya iya taɓa sugan da ke cikinsa, sai ya koma ƙona kitse, kitse kuwa tokarsa tsami ce zalla. Ta ce a kara masa wayar a baki. Kafin ya ce uffan ta ji shi, ja da saukewa, ja da saukewa, kamar mai zarto a katako mai kauri.

"Amarya, jininsa ne ya yi tsami," ta ce. "Tsami ne ya yi masa yawa. Ki kai shi asibiti yanzu, ni ma ga ni nan."

Amarya ta ce to, Yaya.

Ta yi abin da take ganin dabara ce. Maimakon ta ratsa gari zuwa gidansu, sai ta wuce asibitin kai tsaye don ta share musu hanya, ko za ta sami wanda ya san fuskarta. Ba ta samu ba. Mai gadin sabo ne, ya hana ta zama a bakin ɗakin gaggawa, ita da ta san adadin fasassun tayil ɗin wurin. Ta tsaya a rana tana leƙa duk motar da ta shigo. Ƙarfe tara ta kira, Amarya ta ce suna shiri. Ƙarfe goma ta kira, aka ce ya ɗan sami barci, da ya tashi za su taho. Sha ɗaya saura ba a ɗauka ba. Nan ta tare mota, duk hanya tana zagin direban a zuci don yana tsayawa ɗaukar mutane.

Tun daga tsakar gida ta ji numfashin. Ta tarar da shi kwance a kan doguwar kujerar da ya ƙera da hannunsa, idanu sun faɗa, leɓɓa sun bushe, ga wani farin abu ya daskare a gefen bakinsa. Ɗakin ya ɗauki wari irin na ruwan da ake tsinka fenti da shi. Amarya na durƙushe tana shafa masa ƙirji tana cewa ya yi a hankali, ya daina wahalar da kansa, ya ja kaɗan-kaɗan. A kan taga ga kwalbar farin maganin ƙwarnafi an sha rabi.

Bayanin ya fito a gutsure. Shi Auta ne ya ce in dai tsami ne ai abin bai kai na asibiti ba, a je wajen mai kemis na bakin layi. Mai kemis ya ji tsami da ciwon ciki da amai, ya miƙo kwalba ya ce cokali biyu duk awa ɗaya. Warin kuwa ai warin shagon Auta ne, kullum da shi yake dawowa gida, wa zai kula? Kwana uku rabonsa da shago, wannan ba wanda ya lissafa.

Mai Ƙanƙara ba ta tsaya faɗa ba, ta ajiye shi sai an jima. Ta fizge hannun Amarya daga ƙirjinsa, ta ce numfashin nan da take son kwantarwa shi kaɗai ya riƙe mata miji. Ta fita ta tattaro maƙwabta, aka cicciɓe shi. A mota kansa na kan cinyarta, ya buɗe ido sau ɗaya ya ce, likita-ba-takarda, kin zo. Ta ce ya rufe mata baki ya ci gaba da numfashi.

A ɗakin gaggawa, gaskiya ɗaya ce, likitar da suka tarar ta san aikinta. Ta sunkuya ta shaƙi bakinsa, ta huda yatsa ta ga suga ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa, nan da nan aka ɗaura masa ƙarin ruwa hannu biyu, aka haɗa allurar. Ta ɗebi jini a wuyan hannu ta miƙa wa nas ta baya, sai ga shi an shigo da mutum uku daga haɗarin mota, ta ruga bayan labule. Nas ta ajiye sirinjin a faranti, ta ce masinja ya tafi ɗakin magani, yana dawowa zai kai.

Yana dawowa! Mai Ƙanƙara ta dubi sirinjin nan kwance a faranti kamar cokalin shayi. Ta tambayi ina ƙanƙara, nas ta ce yanzu ba a sawa, in dai an kai da wuri. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗaga shi sama ta duba ko da kumfa, ta damƙe, ta fita. Har ta kai kwanar baranda tana jiyo numfashin Auta a bayanta.

Mace mai shekara sittin da uku da gwiwoyi kamar nata ba ta da haƙƙin gudu, amma ta yi. Ta wuce wajen wanki, ta wuce kicin, ta ture wani mai waya a kunne da ya tsaya tsakiyar hanya. Mai Tabarau ya daɗe da rasuwa, wata mata ce a tagar, ta tambaye ta ita wace ce kuma wa ya aiko ta. Ta ce ta karɓa ta gwada tukuna, in ya so daga baya ta kira mata 'yan sanda. Ta jingina da bango tana haki, ƙirjinta na ja yana saukewa, ta san nata huhun ma hayaƙin gudun yake kwashewa, kuma nata zai lafa nan da minti biyar.

Takardar ta fito. Matar ta kalle ta, ta sake kallo, ta ce a kai da sauri. Mai Ƙanƙara ta leƙa kamar yadda ta saba. Shida da ɗigo takwas. A shekara ashirin da bakwai, takardun da ta riƙe masu farawa da shida ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma mutum biyu kawai ta san sun fita da ƙafarsu. To, biyu ma ai mutane ne. Ta juya da gudu.

A kwanar baranda ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba.

Amarya ce ta tare ta a ƙofa, fuskarta ta washe, karo na farko a ranar. Ta kama mata hannu ta ce, "Yaya, Alhamdu lillahi, ya sami sauƙi. Kin ga numfashin ya kwanta."

Ta ture ta ta shiga. Ƙirjin Auta na ɗagawa kaɗan, ya tsaya, ya sake ɗagawa kaɗan. Abin da tsohon nan ya ce a ji tsoro ke nan, huhu ya gaji. Ta yaye labulen da likitar ke ciki, ta tura mata takardar a gaban ido, ta ce huhunsa ya saki. Wannan karon an ji ta. Likitar ta saki abin da ke hannunta, aka taru a kansa, aka zura masa roba a maƙoshi ana hura masa iska, aka kore su waje. Ƙarfe uku da 'yan mintuna aka fito aka ce su yi haƙuri. Likitar ta ce da an kawo shi da safe, sannan ta haɗiye sauran.

Ba ta yi kuka ba, fushi ta yi, fushin da ya hana ta ci ya hana ta zama. Ta ji haushin mai kemis da ke miƙa kwalba bai ga mara lafiya ba. Ta ji haushin mai gadi, da masinja, da wanda ya zana asibiti. Ta ji haushin Auta kansa, ƙaton banza mai tsoron gadon asibiti, wanda ta goya da zanenta ya tafi ya bar ta. Amma babban kason ta ajiye wa Amarya. Tana zaune cikin masu gaisuwa tana kallonta, tana ƙirga awanni huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tana jiran gida ya yi sarari.

Ranar da mutane suka ja, ta shiga ɗakin ta tarar kwalbar na nan a kan taga ba wanda ya taɓa. Ta ɗauko ta dangwara a gaban Amarya, ta sauke duk abin da ta tara. Ta ce shekara ashirin da biyu tana huda mutum da allura ba ta san abin da allurar ke yi ba. Ta ce an ce mata asibiti ta tafi kemis. Ta ce mutum na kokawa da mutuwa ita tana lallashinsa ya daina. Ta tambaye ta wane mahaukaci ne ya ce ta ɗura masa wannan abin.

Amarya tana ninke rigunansa na aiki, ba ta ɗago ba sai da ta gama wadda ke hannunta.

"Ke kika ce tsami, Yaya," ta ce. "Sau biyu kika faɗa. Ni tsamin da na sani na ciki ne, shi ma shi ya sani. Kullum kina cewa ba a jin maganarki. Ni kuwa na ji."

Mai Ƙanƙara ta buɗe baki ta ce ai ta ce asibiti ma, kuma gaskiya ne ta faɗa. Amma maganar ta fito ba ƙarfi. Wani tsoho da ba danginta ba ya taɓa jawo mata kujera ya ba ta rabin awa. Ita shekara ashirin da biyu tana shiga gidan nan, tana cin abincin yarinyar nan, ta ba su labarin likitan da ya aike ta goge amai ya fi sau ɗari, amma ko sau ɗaya ba ta zaunar da mai riƙe da allurar ta yi mata zancen hayaƙi da toka ba. Ba ta taɓa zaton zai shiga kanta ba.

Amarya ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninki. Mai Ƙanƙara ta sa kwalbar a jakarta, ta nemi bakin doguwar kujerar ta zauna.